Kifin Icce a Lakwal

Ku samarin da ke jere da kabu-kabu bakin tashar Dogon Dutsi, da ku nike magana. Kuna hange na ƙarƙashin rumfa kuna cewa Garba ya samu sana'ar hutu: a zauna, a kori ƙuda, a miƙa kifi. Rannan ɗayanku ya tako har gabana ya ce in koya mashi cikin sati guda, wai ya gaji da rana. Lokacin hannuna na bisa aiki. To ga amsar na rubuto, da ɗan karatun da na samu a kwas ɗin manya na yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kanshi.

Aikin farko da maigidana Bawa ya ba ni shi ne juya banda. Mutumin Tibiri ne kamar ni, shi ya ɗauko ni daga gona ina saurayi. Ya shimfiɗa tabarmi bayan gida, ya zazzage kwandon tarwaɗa da ya sawo bakin kogi, ya ce in juya kowace, in shinshina ta, in ware. Na ce mi zan ware, ai duk warinsu guda? Ya ce, "To zauna nan har hancinka ya yi hankali." Damina guda na yi bisa tabarmar nan. Sannu a hankali na gane akwai warin hayaƙi, akwai warin danshi, akwai kuma wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi da ke gaya maka tsutsa ta riga ta shiga ciki, ko da bayan kifin na ƙyalli. In ka bar irin wannan cikin kwando, kafin kasuwa ta zagayo ta ɓata 'yan uwanta. Bawa bai taɓa yarda a fesa maganin ƙwari bisa kifi ba, ni ma ban yi. Barkono, rana, a maida shi bisa hayaƙi. Baya na ciwo, ido na hawaye, amma ba wanda anka taɓa kai likita saboda kifina.

Ranar da na fara ganin kifin icce, a kasuwar Sakkwato ne, shagon wata 'yar Ibo. Na ga wasu sanduna farare-farare an ɗaure da waya, tana aza su bisa sikeli. Na ja rigar Bawa na ce, "Maigida, garin ga har iccen girki awo ake yi?" Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya zaro guda ya ƙwanƙwasa mani a goshi, ya ce kifi ne. Na ce ina kan? Ya gwada mani wani buhu can gefe, cike da kawuna zalla, kowane da ɗan gemu a haɓa kamar bunsuru. Ibo na ce mashi okporoko. 'Yan lakwal, masu karatun boko, na ce mashi mori. Mu nan kifin icce muke cewa, kuma sunan bai yi ƙarya ba.

Wuƙa ba ta yanka shi. Zarton yankan ƙarfe ake sa mashi. Ka aza shi bisa gungume, ka take wutsiyar da ƙafa, ka ja a hankali. In ka yi gaggawa zarton ya zame ya ci yatsa, ga shaida nan a hannuna na hagu. Mai son shi da laushi, ka buga mata da guduma har tsokar ta fashe, ka ce ta jiƙa shi tana canza ruwa. Masu sayenshi a garin ga sanannu ne: Ibo masu kayan gyaran babur, Yarabawa, mutanen Bene da Togo, wasu ma'aikata, da mutanen coci in bikinsu ya zo. Mu Arawa kuwa sai kallo. Wata tsohuwa da ke sayen tarwaɗa wurina ba ta yarda inuwar buhun ta taɓa ta. Ta ce kifin da jikinshi ke gabas kanshi ke yamma, wannan abincin doguwa ne.

Shekarar da anka rufe iyaka ita ta gwada mani ko wane ne shi. Kayana na cikin mota a wancan gefe, damina ta sauka, tampol ya yage. Munka yi ta jira, yau, gobe, har na daina tambaya. Da kayan sunka iso bisa amalanken jaki na kwance kwandunan banda, sai gari da tsutsa. Kaji ma sai da sunka yi shawara kafin su ci. Kifin icce kuwa ɗan fari-fari kawai ya yi a baya. Na goge da tsumma, na shanya, ya koma yadda yake. Shi ya riƙe gidana har kaka. Tun daga nan nike ganin girmanshi, amma abin da na sani nashi bai wuce wannan ba: daga Legas ake kawo shi, Legas kuma daga teku.

Wanda ya gaya mani sauran malamin ɗiyata ne, kuma rigima ce ta kawo shi. Ɗiyata Rakiya na ajin ƙarshe a lokacin, shekarar da za ta yi jarrabawar shiga kwaleji. Ita ke taya ni ware kawuna in ta taso. Warin kifi kuwa bai san sabulu ba, ya shiga zane, ya shiga littafi. Yara sunka sa ta gaba. Sunka ce ubanta mushe yake saidawa, tunda ba jini, ba kai, ba wanda ya ga an yanka. Da ta shigo filin lakwal sai su toshe hanci su ɗauki waƙa: "Mushe na wari! Mushe na wari!" Wata safiya ta rataye jakarta a ƙusa ta ce ta gama karatu. Uwarta ta yi lallashi. Ni na yi faɗa, na ɗauki bulala, na ajiye. Ba ta koma ba, jarrabawa kuma na matsowa.

To kun san mu nan malamin lakwal ma Mushe muke ce mashi, irin na Faransanci. Nasu Mushe Iliya ne, mutumin coci, dogo, kullum riga a goge. Ya ji waƙar ta taga, ya ɗauka da shi ake. Ya sa aji duka sunka durƙusa. Washegari sunka sake. Shi da bakinshi ya gaya mani har sabulu ya canza, ya sa matarshi ta shinshina mashi hammata. Sai da ya ga wurin Rakiya ba kowa ya bincika, sannan ya gane wane mushen ake nufi.

Ya iske ni ina yanka.

"Baban Rakiya, sannu da aiki."

"Sannu Mushe. Kai za a ba ka ko jiki?"

"Yau ba saye na zo ba, aro na zo. Kai nike son ara, da kifinka, da zartonka. Ka zo ajina."

"Ni? In ce masu mi? Faransancina bai wuce bonjur ba."

"Kai ka riƙe kifi, ni in riƙe taswira. Ka san daga ina abin ga ya fito?"

"Legas."

Ya ja benci ya zauna. Samari, abin da mutumin nan ya gaya mani ran nan! Na bar mai saye tsaye har ya gaji ya tafi. Ashe abin da nike takewa da ƙafa ya gina birane, ya haɗa yaƙi, ya kai mutane ƙasashen da ba su san akwai su ba. Ina ta cewa, "Wanga? Wanga na hannuna?" Yana cewa, "Shi fa." Na koma gida ina maimaita sunayen garuruwa bisa hanya kamar mai tabin hankali, rabi sun zube kafin in kai ƙofa.

Ranar zuwa na ce wa Rakiya ta ɗauki kwanon kawuna, tunda ni ga gungume ga zarto ga kifi. Ta ce iyakarta bakin ƙofa. Na ce na ji. Ta dire kwanon ta zagaya bayan aji, ta laɓe jikin taga. Na gan ta, Mushe ma ya gan ta, munka yi kamar ba mu gani ba.

Ina shiga hannaye sunka hau hanci. Wani mai ƙaton kai a bencin baya, Habu, wanda shi ke ba da waƙar, ya ce ƙasa-ƙasa, "Mushe ya zo gai da Mushe." Aji ya fashe da dariya. Na taka har gabanshi na aza mashi kifin bisa tebur.

"Kai ne mai baki? Karya shi."

Ya kama da hannu biyu, ya murɗa, ya aza a gwiwa, ya cije leɓe. Ko motsi. Ya ce icce ne, an sassaƙa. Na amsa na buga da shi bisa tebur, ƙwal! har alli ya faɗo. Na take shi bisa gungume na sa zarto. Da gutsuren ya faɗi na ɗaga, ga ƙashin baya a tsakiya, ga tsoka a jere. Kafin in ce komi an baro benci, hannayen da ke hanci duk sun miƙo.

Na ce, "To wa zai gaya mani mi ya busar da shi?"

"Rana!"

"A'a."

"Wuta!"

"Shinshina, ka ji hayaƙi?"

"Gishiri!"

"Lasa."

Wata 'yar ƙarama ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce salam. Na ce, "Sanyi ne." Kai, sai ka ce na zagi iyayensu. Ihu ta ko'ina, ƙarya ne, sanyi ai jiƙa abu yake yi. Mushe ya rataye taswira, ya aza yatsa bisa Nijar, ya yi ta hawa sama, ya wuce hamada, ya wuce ruwa, ya wuce Faransa, har sai da ya ɗaga dunduniya. Ya ce nan ne Norbej. Ya ce can sanyi ya kai ƙuda ba su tashi. Masunta su sare kan, su ɗaure kifi biyu-biyu ta wutsiya, su rataye bisa wasu dogayen rumfuna na icce bakin teku, iska ta yi ta bugu wata da watanni. Ba gishiri, ba wuta. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina korar ƙuda, na ce masu in da zan samu garin da ba ƙuda ko na sati guda, da na yi ƙiba.

Daga nan na karɓa, don wannan gefen na gane shi da kyau. Na ce wa ke da wa ko uba da ya tafi bida, neman kuɗi, Kwatano ko Abijan? Hannaye sunka tashi. Na ce mi ake sa mashi a jaka? Sunka ce ƙuli-ƙuli, garin rogo, kilishi. Na ce mi ya hana a sa mashi fura? Sunka ce tsami za ta yi tun kafin a kai Gaya, bakin iyaka. Na ce to kun gama darasin. Nisan tafiyar mutum, iyakar guzurinshi ne. Mutanen can sun samu guzurin da ke shekara bai lalace ba, sai sunka loda shi cikin jiragen katako, sunka shiga tekun da ba a ganin ƙarshenshi. Suna tafiya suna gutsura kamar ƙuli-ƙuli, har sunka taka wata ƙasa a ƙetaren ruwa tun sauran Turawa ba su san da ita ba. Na ce sunanta Kamaru. Mushe ya ce Kanada. Na ce ita nike nufi.

Ya ɗora da nashi. Ya ce Kiristocin Turai na da can, ran Juma'a da lokacin azuminsu ba su cin nama, sai kifi. Mafi yawansu kuma nesa suke da teku, kamar mu. Don haka duk wanda ya iya kawo kifin da ba ya ruɓewa, shi ke da kasuwa. Wasu na busarwa da iska, wasu na cika shi da gishiri. Anka ƙera jirage saboda shi, anka gina tashoshi da birane, gishiri ya yi daraja. Na ce kamar ayarin Azbinawa ke nan, duk inda raƙuma ke sauka sai gari ya tashi. Mushe ya ce har a zamanin iyayenmu Ingila da wata 'yar ƙasa ta ƙanƙara sun fito da jiragen yaƙi bisa wa ke da ikon kamu a wane ruwa. Habu ya ce, "Saboda kifi?" Na ce, "Kai ba ka taɓa ganin an fasa kai saboda bakin rijiya ba?" Ya ce ya gani.

Akwai wurin da dariya ta ɗauke. Cikin kwanon akwai ɓarɓashin da ke taruwa a gindin buhu, wanda nike saida wa marasa hali. Mushe ya ɗebo shi a tafin hannu. Ya ce lokacin da ake kwasar baƙar fata daga bakin tekunmu ana kai su ƙetare noman rake, irin wannan ake ba su. Mai kyau ya tafi teburin Turawa, wanda ya fashe ko ya fara lalacewa a aika wa bayi, don ya fi komi araha kuma yana riƙe mutum a gona. 'Yar da ta lasa ta goge bakinta da bakin zane. Na ce mata kifin bai yi laifi ba, mutane ne. Mushe ya ce kifin nan dai shi anka aiko wa masu yunwa lokacin yaƙin basasar Najeriya, ya ceci yara masu yawa.

Sunka tambaya ko ba ya ƙarewa. Mushe ya ce da can haka kowa ya zata, har anka ƙera manyan jirage masu share teku kamar tsintsiya. A Kanada sai da ya kai an hana kamu, masunta sunka rufe gidaje sunka watse neman abinci. Wannan ban buƙaci taswira ba. Na ce ku je tabki ku ga masu su da gidan sauro, suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai farce ba, badi kuma su zauna suna cewa iskoki sun ɗauke kifi.

Sai Mushe ya ɗauki kai guda daga kwano ya ɗaga. Ya ce, "Akwai abin da babu a jikin wanga. Wa ya gani?" Sunka ce ido. Ga ido nan a bushe. Sunka ce haƙori. Ga su. Sunka ce kunne, ya ce kifin gidanku ke da kunne? Ya juyo gare ni. Na karɓa na jujjuya. Shekara da shekaru ina saida kawunan nan, ban taɓa leƙa bakinsu ba, ni hancina nike aiki da shi. Na ce ban sani ba.

Daga taga anka ce, "Harshe."

Kowa ya juya. Rakiya ce, rabin fuska kawai ake gani.

Mushe ya ce, "Wanga kaɗai, ko duka?"

"Duka. Yanke shi ake yi. Akwai wurin wuƙa a ƙasan haɓa."

"Daga nan ba mu gani. Shigo ki gwada mamu."

Ta baro tagar. Sai ta zagayo ta shigo, ba ta dubi kowa ba. Ta karɓi kan daga hannuna kamar yadda take karɓa a rumfa, ta sa babban yatsa ta buɗe muƙamuƙin, ta juya shi wajen haske. Ga ramin, ga sawun wuƙa, santal. Ta ɗauki na biyu, na uku, duk haka. Anka yi caa a kanta, kowa na son ya sa yatsa.

Mushe ya ce, "Kun san wa ke yankewa? Yara. Sa'o'inku. A garuruwan masunta na can, in an taso lakwal sai su sa rigar roba su tafi bakin ruwa, kowa da wuƙarshi. Harshen abinci ne mai tsada, kuma aikin na yara ne tun kakanni, manya ba su ƙwace masu. Wanda ya fi sauri, gari duka ya san sunanshi. Ke nan kan da ke hannun Rakiya, wani ɗan lakwal ne ya riƙe shi kafin ita."

Habu ya ce, "Mushe, su ma suna wari?"

"Ni ban taɓa aikin ba. Tambayi wadda ta sani."

Rakiya ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Kai da ka riƙe shi sau guda, shinshina hannunka."

Ya shinshina. Ajin nan kamar rufin zai tashi. Na kusa da shi sunka toshe hanci sunka ja da baya, shi ma yana dariya yana goga hannun a wando. Anka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya fita. Darakta, shugaban lakwal, ya leƙo ya ga mi ake yi, shi ma ya tsaya, ya ce a ba shi zarton ya gwada. Na koma kasuwa da gungume a ka, muryata ta dushe, rabin kawunan sun bi aljihun yara. Rakiya ba ta biyo ni ba, tana zaune a bencinta.

Washegari ina kakkaɓe tabarmi ta biyo ta rumfa, jaka a kafaɗa. Ba ta tambaye ni ba ta sa hannu a buhu, ta zaɓi kawuna biyu masu gemu, ta naɗe a takarda.

Na ce, "Ina za ki da hajata?"

"Darakta ya ce 'yan sauran aji ba su gani ba."

"To bari in rufe rumfa in ɗauko gungume."

"A'a Baba, ka zauna. Ni anka ce in yi."

"Ni fa?"

"Kai kana rikita sunayen garuruwa."

Ta wuce. Tana kwaleji yanzu. Ni kuwa kwana guda na yi ina malanta anka sallame ni, na koma korar ƙuda. Wanda har yanzu yake son koyo a cikinku, ya zo ranar kasuwa da safe, ya sawo rigar da ba ya so.